Kwanan Mota a Zangon Direbobi: Nasiha ga Ƙannena Matafiya

Ƙannena, yau maganar kwana za mu yi. Tuƙi dai kusan kowa ya iya a zamanin nan. Yaro ɗan shekara 20 sai ya ɗauko Sienna daga Legas ya nufo Kano, tafiyar da ta kai kilomita 1,000, ko ɗar bai ji ba. An koya masa wuce tirela, an koya masa kauce wa rami, wataƙila ma ya iya canza taya cikin duhu. Abin da ban ga ana zaunar da kowa ana koya masa ba shi ne inda zai ajiye motar nan idan dare ya raba, ido ya yi nauyi, gida kuma da sauran tafiya. Alhali a nan ne rayuka da yawa ke salwanta, wasu a kan sitiyari don sun ƙi tsayawa, wasu kuma a tsaye cik don sun tsaya inda bai kamata ba.

Masu kwana a mota a ƙasar nan sun fi yadda kuke zato yawa. Akwai samarin da sana'arsu ke nan, su ɗauko motocin da aka sayo a Kwatano ko Legas su kai wa dillalai a Arewa. Akwai ɗan kasuwar da ke bin kayansa a baya cikin ƙaramar mota don kada ya rabu da tirelar da ya yi wa lodi. Akwai 'yan ɗaurin aure da suka cika bas da niyyar su je su dawo a yini ɗaya, lissafi ya ƙi. Akwai ayarin masu zuwa Maulidi a Kaulaha ta ƙasar Senegal, waɗanda motar ce ɗakinsu na kwana da kwanaki. Ga kuma magidanci da iyalinsa da suka baro Abuja da azahar, cunkoso ya riƙe su, ba su shigo Kaduna ba sai bayan isha'i. Duk waɗannan wata rana za su tambayi kansu: a ci gaba ko a kwana? In kuma kwanan ne, a ina?

Wanda ya san arewacin Kaduna ya san abin da ya sa tambayar ta fi tasowa a nan. Manyan motocin da suka fito daga kudu titin Nnamdi Azikiwe suke bi, wanda muke ce wa baifas, su ratsa ta gefen Tudun Wada da Kurmin Mashi su ɓullo wajen Mando. Waɗanda suka biyo ta Birnin Gwari da Buruku su ma a shataletalen Mando suke fitowa. Daga nan kowa ya haɗu a Kawo, inda Shugaba Buhari ya buɗe sabuwar gada a Janairun 2022, sai a miƙe hanyar Zariya: Rigacikun, Mararrabar Jos, Birnin Yero, Jaji. Direban da ya kwana biyu yana fama da hanyar Jebba da Mokwa, idan ya hango fitilun Kawo jikinsa ne ke gaya masa ya isa haka. Shi ya sa Mararrabar Jos, inda hanyar Pambeguwa da Saminaka ta rabu da ta Zariya, ta zama zangon manyan motoci tun da daɗewa, kamar yadda Tafa take a kan hanyar Abuja.

Ku je wurin da misalin ƙarfe 9 na dare ku tsaya ku yi kallo. Tireloli sun yi jerin gwano a gefen titi, an ɗaure musu tamfol tamau, tankokin mai kuma a nasu ɓangaren. Mai shayi ya jera gwangwanayen madara hawa-hawa, ƙwai na soyuwa a kasko, rediyo na magana ba mai sauraro. Mai faci ya kwantar da tayar da in an tsayar da ita ta kai masa ƙugu, yana ta dukan ƙarfe don ya ɓalle ta. Wani yaron mota ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin tirela ya yi matashi da takalminsa. Direbobi sun yi sahu a ɗan masallacin langa-langa suna haɗa magariba da isha'i. Mai wucewa zai ce hargitsi ne, amma akwai tsari a ciki. An san wanda zai fara fita da asuba, an san motar da ta lalace take jiran kayan gyara daga kasuwar Panteka, an kuma san dattawan da idan suka ce a matsa, sai a matsa.

Abu biyu nake so ku riƙe, kuma a gaskiya abu ɗaya ne: ka zaɓi wurin kwananka tun da sauran rana, idan kuma wurin nan na direbobin manyan motoci ne, ka shiga da sanin cewa kai baƙo ne a wurin aikin wasu.

Kakanninmu fatake sun fi mu wannan ilimi. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19 tafiyar watanni yake yi da jakuna da 'yan ɗaukar kaya, kuma ba a barin maganar masauki a hannun sa'a. Madugu ne shugaba, amma akwai jagaba da ke gaba, wanda ya san hanya, ya san inda ruwa yake, ya san garin da ke karɓar baƙi da wanda ba a yarda da shi ba. Da sassafe ake tashi, a sauke kaya tun rana da sauran tsayi, don a samu a ɗaure dabbobi, a nemo itace, a ga wurin da ido kafin duhu ya rufe. Wuraren da suka riƙa sauka suna nan har gobe, wasu sun zama garuruwa, wasu unguwanni, daga ƙasar Zazzau har zangon Kumasi. Addini ma bai bar wannan ba. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin da ya umarci matafiyi, idan zai sauka da dare, ya kauce wa kan hanya saboda abin da ke bin ta cikin duhu. Dabbobi da miyagun ƙwari aka ambata a lokacin. Yau abin da ke bin hanya da dare tirela ce ɗauke da buhun siminti 600.

Saboda haka kai ne jagaban kanka. Tun la'asar ka yi lissafi. Idan magariba ta yi maka a Kawo kuma Kano za ka, akwai kusan kilomita 230 a gabanka. Ka tambayi kanka awa nawa ka yi a kan sitiyari tun safe. Tun da aka sake gina titin Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, aikin da kamfanin Julius Berger ya fara a 2018, hanyar ta yi sumul, kuma hanya mai sumul ita ce ke lallashin gajiyayye ya yi barci. Dā ramuka ne ke farkar da mutum. Idan ka ga kanka a Jaji ba ka tuna lokacin da ka wuce Birnin Yero ba, to ka riga ka yi barci ido a buɗe, Allah ne kawai ya tsare. Goro ba ya maganin wannan, buɗe gilashi ba ya yi, ƙara sautin karatu ko waƙa ba ya yi. Barci ne kaɗai ke biyan bashin barci. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, tun kafa ta a 1988 take jan kunnen mutane game da tafiyar dare, kuma duk wanda ya taɓa taimakawa aka ciro gawa daga motar da ta shige ƙarƙashin tirela ba ya buƙatar a maimaita masa.

Bari in kai ku Amurka kaɗan, domin a can an daɗe ana muhawarar kwana a zangon direbobi a fili. Akwai mutane da yawa, galibi dattawan da suka yi ritaya da iyalai masu yawon hutu, da ke tafiya cikin motocin da aka ƙera da gado da madafi da makewayi da tankin ruwa, wasu tsawonsu ya kai na babbar bas. Mu ma mun taɓa ganin irinsu: a shekarun 1970 da 1980 Turawa masu yawon duniya kan ƙetaro Sahara ta Agadas da Damagaram cikin motocin da suke kwana a ciki, su sauka a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke titin Bompai a Kano. To, a Amurka idan dare ya yi wa irin waɗannan tsakanin gari da gari, da yawa sukan kwana a manyan gidajen man da aka gina don direbobin tirela, irin su Pilot Flying J da Love's, inda akwai fili mai faɗi da abinci da wurin wanka.

A nan ƙorafi ke tasowa. Dokar ƙasar ba ta yarda direban tirela ya wuce awa 11 yana tuƙi ba, sai ya huta awa 10 a jere, kuma akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta lokacin. Idan awanninsa suka cika ya zo ya tarar mai yawon hutu ya cinye masa wuri, ko dai ya karya doka ya ci gaba da tuƙi da barci a ido, ko ya kwana inda ba tsaro. Ƙarancin wurin kwana ba wasa ba ne a wurinsu. A watan Maris na 2009 wani direba mai suna Jason Rivenburg ya isa kusa da inda zai sauke kaya a jihar Karolina ta Kudu kafin lokaci, ya faka a wani gidan mai da aka daina amfani da shi don ya kwana. A nan aka kashe shi, a kan dala 7. Matarsa ce ta tashi tsaye, har a 2012 majalisar ƙasar ta yi dokar da aka sa wa sunansa, wadda ta ba da damar kashe kuɗin gwamnati wajen samar wa direbobin manyan motoci wuraren kwana masu tsaro. Shi ya sa masu motocin yawo da suka san ya kamata suke da ladubban da suke koya wa juna: a nemi izinin mai kula da wuri, kada a shiga layin tireloli, kada a fito da kujeru da murhu a baje kamar an zo zama, a sayi mai ko abinci a wurin, a kwana ɗaya a tashi.

Direbanmu na nan ba shi da na'urar da za ta tilasta a bar shi ya huta. Abin da yake da shi mai kaya ne da ke ta kiran waya, da kuɗin hanya da ke ta zaizayewa a kowane shinge. Buƙatarsa ga ɗan wurin nan ta fi ta takwaransa na Amurka ma. Kai kana iya juyawa ka koma Kawo ka kama ɗaki, ko ka ƙwanƙwasa wa ɗan'uwa ƙofa a Unguwar Dosa ko Badarawa. Shi ina zai kai tirela mai kaya?

To, idan ka isa zangon, kada ka cusa mota duk inda ka ga rata ka kashe fitila. Ka fito ka yi sallama. Ka nemi mai gadi, ko ɗan ƙungiya, ko dattijon da ka ga ana gaishe shi a teburin mai shayi, ka ce: "Sannunku da hanya, Baba. Dare ne ya yi mana. Ina ya kamata in ajiye 'yar motar nan zuwa asuba?" Matambayi ba ya ɓata. Wannan tambaya ita kaɗai ta fitar da kai daga sahun motar da ba a san ta waye ba ta sa ka cikin waɗanda ake sa wa ido. Za ka ji an ce, "Kai yaro, nuna masa can kusa da masallaci," ko a ce, "Nan dai babu, ka ƙarasa gidan man can gaba, akwai mai gadi." Duk wanda aka faɗa maka, ka bi. Idan an ce akwai ɗan abin da ake ba mai gadi, ka bayar ba tare da ciniki mai zafi ba, domin shi zai hana idonsa barci kai ka yi naka. Ka sayi shayi da burodi a wurin ko ba ka jin yunwa sosai. Mai shayin nan shi ne ya fi kowa sanin wanda ya shigo da wanda ya fita.

Ratar da ka gani tsakanin tireloli biyu, mafi yawan lokuta da gangan aka bar ta, don wani ya samu hanyar fita. Fakawa a ciki daidai yake da shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar zaure. Kuma ku fahimci yadda babbar mota take: direban da ke can sama ba ya ganin abin da ke daf da hancinsa, ba ya ganin abin da ke bayan wutsiyarsa ko kaɗan, gefensa na dama kuma akwai babban wurin da madubi ba ya kamawa. Idan kai ba ka hango madubinsa daga inda kake ba, shi ma bai san da kai ba. Idan zai karya kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa, kuma nan ne ƙananan motoci ke rasa ƙofa da fitila. Tirela mai lodi idan za ta tashi a wuri mai gangare sai ta ɗan ja baya kafin ta ci gaba. In ka ga an tokare taya da dutse ko gungumen katako, direban ne ke gaya maka bai bar wa birki shi kaɗai amanar motar ba. Kada ka kwana a ƙasan gangaren nan. Ka nemi gefe, inda akwai haske da mutane, ka juyo da hancin motarka wajen fita, yadda in wani abu ya taso ba sai ka yi ribas cikin duhu ba.

Tankokin mai kuwa, ka yi nesa da su iyakar iyawarka, har da waɗanda aka ce maka ba kaya a ciki, domin tururin fetur da ya rage a tanka wofi shi ma yana kamawa. Ba sigari, ba risho, ba janareto a kusa. Kuma in Allah ya ƙaddara tanka ta faɗi kana wurin, ƙannena, ina roƙonku, ku gudu. A watan Oktoban 2024 a garin Majiya ta jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka ƙone wajen kwasar fetur daga tankar da ta kife da dare. Bayan wata 3, a Janairun 2025, a mahaɗar Dikko da ke kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, fiye da mutum 80 suka tafi ta wannan hanya. Da yawansu sa'anninku ne. Na san tsadar mai, na san abin da jarka ɗaya za ta yi wa gida, amma babu uwar da za ta karɓi jarkar a madadin ɗanta.

Yanzu cikin motar. Ka kashe inji. Wannan ita ce maganar da na fi so ta zauna muku, domin zafi da sauro na sa mutum ya rufe gilashi ruf, ya kunna esi, ya ce minti kaɗan kawai zai yi. Hayaƙin mota na ɗauke da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Idan salansa ta huje, kamar yadda take a yawancin tsofaffin motocinmu, iskar na iya taruwa a ƙarƙashin motar da ke tsaye ta shigo ciki. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri ya fita. Mai barci ba ya farkawa. Haka nan in ka faka kusa da salansar tirelar da aka bari a kunne, ko kusa da janareton mai shago. Da hunturu kuma, lokacin da sanyin Disamba da Janairu ke ratsa ƙashi a filin Mararraba, kada wani ya ce zai shigo da kaskon gawayi mota, gubar ɗaya ce. Bargo za ka taho da shi tun daga gida. Ka sauke gilashi kamar faɗin yatsa biyu a ɓangarori biyu don iska ta ratsa, ka maƙala yankin tsohon gidan sauro a jikin ƙofa, ka bar maganin sauro mai hayaƙi a waje. Ka kulle ƙofofi, makulli a aljihunka, waya da jaka inda mai leƙe ba zai gani ba. Kafin ka rufe ido ka kira gida ka faɗi ainihin inda kake, ba "muna hanya" kawai ba.

Duk da abin da na lissafa, zangon direbobi ya fi gefen titi a daji sau ba adadi. Wasu samari na ƙyamar hayaniya da warin dizal, sai su wuce gari su nemi wuri shiru su sauka daga kwalta kaɗan su kwanta. Wannan shi ne mafi munin zaɓi. Motar da ke tsaye cikin duhu a kafaɗar titi ita ce wadda wani mai gyangyaɗin zai zo ya daka. Ga kuma halin tsaro da kuka sani. Shekaru aka yi ana bin hanyar Birnin Gwari cikin ayari da rakiyar jami'an tsaro, kuma a Maris na 2021 daga Afaka, nan bayan Mando, aka kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji da dare. Inda mutane suke, nan ne wurin kwana. In kuwa lalacewa ce ta tsayar da kai dole, ka tura motar ta sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka sa alamar gargaɗi mai ƙyalli can nesa a baya, ka ƙara da ganye yadda aka saba, sannan kowa ya fito daga motar ya koma can gefe. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Akwai wani ɓangare na zango da ba zan rufe muku ba, don kun girma. Duk inda maza suka taru da kuɗi a aljihu, nesa da gida, cikin dare, akwai masu zuwa cin kasuwa da su. Za a yi maka tayin ƙwaya, a ce tiramol ne ke sa direba ya kai Legas bai runtsa ba, ko a miƙo maka shayin gadagi. Ƙwaya ba ta cire gajiya, ɓoye ta take yi har zuwa lokacin da jiki zai karɓi haƙƙinsa da ƙarfi, sau da yawa a kan gudu. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasan Arewa, kuma kun ga waɗanda ya bari a unguwanninku. Akwai kuma ɗakunan da ke bayan rumfuna. Ba don wasa ba ne masu yaƙi da cutar ƙanjamau suka daɗe suna kai wayar da kai da gwaji irin waɗannan mahaɗu na manyan hanyoyi a faɗin Afirka. Ba na ce duk direba haka yake ba. Mafi yawan waɗanda na sani magidanta ne masu salla a kan lokaci, masu ƙirga kwanakin da suka rage su ga 'ya'yansu. Su za ka zauna kusa da su. Ka ci abincinka, ka yi sallarka, ka koma mota.

In kana tare da iyali, ra'ayina a fili yake: kada ka kwana da mace da yara a zangon tireloli matuƙar akwai wata hanya. Wurin ba a yi shi don su ba. Makewayi mai tsabta da sirri wuya gare shi, ruwa saye ake yi, yaro ƙarami kuma in ya sulale tsakanin tayoyi ba mai ganinsa. Daga Mararraba zuwa Kawo tafiyar mintuna ce. Ka juya ka kama ɗaki, ko ka kira ɗan'uwan nan da kake jin nauyin tashinsa. Mu Hausawa ba mu taɓa ɗaukar saukar baƙon dare abin kunya ba; kwanan nan ne muka fara jin nauyin juna har mutum ya gwammace ya kwantar da matarsa a kujerar mota da ya buga wa ɗan baffansa waya. In kuma ba yadda za a yi, to gidan mai mai haske da mai gadi, da izininsu, nesa da famfunan mai.

Ku kuma ƙannena yaran mota, da ku nake yanzu, domin ku ne 'yan gida a wurin nan kuma ku kuka fi kowa shiga haɗari. Na san dalilin kwana a ƙarƙashin tirela: akwai inuwa daga raɓa da ruwan sama, kuma kana gadin dizal da batir da tayar safaya. Amma kada ka taɓa kwanciya a ƙarƙashin motar da ba taku ba, kada kuma ka kwanta a ƙarƙashin taku ba ka gaya wa maigidanka ba. Kada ka sa kanka ko ƙafarka a layin taya. Ranar da Allah ya ba ka taka motar, ka mayar da shi farilla a kanka: kafin ka tayar da inji ka zagaya da tocila, ka duƙa ka leƙa ƙasa, ka yi magana da ƙarfi. Ba yaronka kaɗai ba, almajiri ko mai taɓin hankali ma na iya raɓewa a wurin. Direbobin kirki haka suke yi. Za ka gan su da asuba da guntun ƙarfe a hannu suna bi taya bayan taya suna ƙwanƙwasawa, suna sauraron wadda sautinta ya canza, idonsu kuma na ƙasan mota.

Gaskiya ne kuma bai kamata a ce a ƙarni na 21 kafaɗar babban titi ce ɗakin kwanan mutanen da ke ɗauko mana mai da siminti da taki da shinkafa ba. An sha maganar gina wa tireloli filin kwana a Mararrabar Jos da Tafa, kuma duk wanda cunkoson wuraren nan ya taɓa riƙewa ya san buƙatar ba ta gushe ba. Fili mai katanga da fitila da ruwa da makewayi da masallaci, da ɓangaren tankoki daban, da ɗan gefe na ƙananan motoci, ba abin da ya fi ƙarfin jiha ba ne. Ƙungiyoyin da abin ya shafa suna nan, NARTO ta masu motocin, NURTW ta ma'aikatan sufuri, da reshen direbobin tanka na NUPENG. Waɗanda ke cikinsu a cikinku, da waɗanda ke da bakin magana da ɗan majalisar mazaɓarsu, wannan abin nema ne da ya fi rabon babura amfani.

Da asuba za ka ji wurin ya fara motsi tun kafin kiran salla: injina na ɗumi, ana cika iskar birki, ana kwance duwatsu daga bayan taya. Wannan ne lokacin da ya fi kowane haɗari ga ƙaramar mota, domin kowa na son fita kuma haske bai gama fitowa ba. In an ce ka matsa, ka matsa nan take ko da ba ka gama wartsakewa ba. In ba ka tare wa kowa hanya ba, ka bar manya su fara fita. Ka yi salla, ka wanke fuska, ka duba ruwa da baƙin mai da tayoyinka, ka kwashe ledojin da ka zubar, ka nemi wanda ya nuna maka wuri jiya ka yi masa godiya da sallama. Idan lokacin hazo ne, ka ƙara haƙuri har ka iya hango mota daga nesa sosai, domin a irin wannan safiya tirelar da ta mutu a kan titi ba fitila ba ta bayyana sai ka zo daf da ita. Sannan ka kira gida ka ce ka tashi, ka faɗi garin da kake sa ran yin azahar.